Ƙugiyar Baba

Juma'a da dare, 9 ga Janairu, 2015. Unguwar Abbasiya.

Har yanzu yatsuna zugi suke yi don sanyi. Ni na roƙi Kawu Usman, dattijon nan ɗan Sudan na unguwar Ard al-Liwa, ya tafi da ni fatsa bakin Nilu, don zaman ɗaki ina ta kiran layin Baba ya kusa haukata ni. Tun da aka tarwatsa garinmu na bakin tafki wayarsa a kashe take.

Da ya ga na warware ƙatuwar ƙugiyar da Baba ya ba ni ranar da zan taho karatu, sai ya girgiza kai. "Ɗana, wannan ai ta giwan ruwa ce. Da sanyin nan kifi lafewa yake yi can ƙasa, ba ya bin komai. Sa ƙarama da guntun tana, ka jira."

Na ce masa mu a ruwa aka haife mu. Ban taɓa fatsa a ruwa mai sanyi haka ba, amma na ƙara wa zaren dalma don ya nutse na wurga, na dinga fizga irin yadda muke yi a gida. Sai ƙugiyar ta maƙale a ƙasa. Na ja da ƙarfi, zaren ya tsinke.

Kawu ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, akwai irinta a kasuwa."

Babu irinta. Baba ne ya lanƙwasa ta da hannunsa, ya wasa bakinta a dutse.

Da na dawo na sake kira. A kashe take.