Furen da Ya Ƙi Ban Ruwana

Zuwa ga Inna Hajo,

Bayan gaisuwa ta ɗa ga mahaifiyarsa, da fatan Allah Ya yalwata makwancinki.

Inna, kin san ni. Daga aji uku na bar sakandare, da jigon ban ruwa na aro na fara albasa. Yau ina da injin ban ruwa biyu, da shago a kasuwar Jega, da gidan bulo a Aliero. Ba wanda ya ɗaga mini ko buhu.

To, wani fure ya ɗaure mini kai.

Da aka ba mu sabuwar jiha, malamin gona ya kawo irinsa daga ƙasar Turawa. Ganyensa kamar gashin zabuwa, furensa fari, shimfiɗe kamar faifai. Ya ce rana kawai yake so da ƙasa maras ƙarfi, kada a dame shi da ruwa. Na yi dariya. Ni za a koya wa shuka?

Na yi masa fangali irin na albasa, na zuba takin tumaki, ruwa safe da marece. Ya yi tsawo, ya kwanta, saiwar ta ruɓe. Sau uku, Inna.

Ragowar irin na watsar a tsakuwar nan ta bayan ɗakinki, inda ban ƙara takawa ba tun rasuwarki. Shekaranjiya na bi tunkiya ta can, sai ga shi tsaye, fari fat, ƙudan zuma na kansa.

Yanzu za a yi nunin amfanin gona a Jega, malamin yana tambayar sunan wa zai rubuta a kan furen. Mi na yi wa furen nan ban da jefarwa?

Ranar da na bar makaranta ba ki yi faɗa ba, ba ki rarrashe ni ba. Kika ce, “Je ka, ina nan.” Na daɗe ina jin haushin wagga magana, ina cewa ba ki kula ba. Yanzu ban sani ba. Ko kulawar ke nan? Wa zan tambaya?

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa kina cikin inuwa.

Gobe zan gaya wa malamin ya rubuta sunana, da manyan baƙaƙe, kada ya rage ko harafi:

Umaru na Hajo.