Hular da Inna Ba Ta Gama Ba

Tudun Wada, Zariya

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya sanyin Italiya, ya iyali? Ya ƙarin haƙurinmu?

Jiya, bayan sadakar arba'in, muka buɗe akwatin Inna. Na tarar da hotonka a kan dutsen ƙauyen nan da ta kasa faɗin sunansa, take ce masa Kufenan Turawa. Ka tuna faɗan da ta yi, wai ka shiga ƙanƙara kai ba hula? Ashe hular sanyi take saƙa maka a ɓoye. Rabi ta kai, kwarashin na jiki. Yaya, na kasa taɓa ta.

Gaida Anti Maryam. Ka yi wa Inna addu'a. Kuma don Allah, in za ka sake hawa, ka rufe kanka.

Ƙanwarka,
Hajara