Dokin da Aka Yi Cinikinsa da Gwiwar Hannu

Zuwa ga Hajiya Zuliha, mai kula da wannan fili.

Assalamu alaikum. Ina roƙon ki taimake ni a kan wata magana da ta tsaya mini a rai. Sai dai ina so ki sani tun farko cewa ba don ina shakkar gaskiyata nake rubuto miki ba. Abin da nake nema shi ne mutum mai ilimi, wanda ba ya cin abinci da kowa a cikinmu, ya faɗa a fili cewa ni ne mai gaskiya, domin in ɗauki jaridar in kai gaban jama'a.

Wannan wasiƙa da hannuna na rubuta ta. Ban ba kowa ya duba mini ba, har da malaminmu na ajin yaƙi da jahilci. Shekarata hamsin da huɗu, wata shida ke nan da na fara riƙe alƙalami, kuma sau uku na kwafe ta kafin ta fito yadda nake so. Na ambaci haka ne don ki san irin mutumin da ke magana da ke.

Sana'ata ita ce saye da sayar da dawakan wasa, na sukuwa da na folo, wato ƙwallon doki, shekara talatin da ɗaya ina cikinta. Daga Azare har garin Katagum babu mai turke da bai san ni ba. Ina buɗe bakin doki in faɗi shekarunsa, ina jin takunsa daga bayan katanga in faɗi ƙafar da ke damunsa. Ban koyi wannan a littafi ba, kuma waɗanda suka yi karatu wurina suke zuwa tambaya.

Lokacin da annobar korona ta shigo, aka soke wasanni, aka rufe hanyoyi, kasuwarmu ta faɗi warwas. Doki kuwa bai san an yi kulle ba, safe da yamma sai ya ci harawarsa da dawarsa. Mutane suka shiga rabuwa da dawakansu a kan abin da bai kai rabin farashi ba. Ni ma na sayar da biyu. Ya rage mini guda ɗaya, wani akawali baƙi wuluk da na sayo yana dukushi, na hore shi da kaina har ya iya juyi a guje kamar an murza shi. Saboda haka nake kiransa Majaujawa. Kafin annoba an taya shi miliyan ɗaya da rabi, na ce albarka.

Cikin watan azumi na shekarar kulle, shugabanmu na dillalan dawaki, Alhaji Babayo, ya zo gidana da wani Dakta Najmuddeen. Ɗan asalin garin Yana ne, yana aikin asibiti a birni, yana kuma buga folo. Da yake ma'aikacin lafiya ne, ana barinsa ya wuce shingayen hanya. Abokina Malam Bubayero, wanda ke kawo mini harawa daga wajen Disina, yana wurin. Likita ya sa aka zaga da dokin sau biyu, ya taya dubu ɗari bakwai. A ranar abin da ya rage a rumbuna bai wuce na mako guda ba. Na ce na sallama. Ban musa wannan ba, kuma ba zan musa ba.

To amma, Hajiya, ga inda maganar take. A wurinmu cinikin doki yana da ƙa'ida, kuma ba ni na kafa ta ba, samunta na yi. Bayan an ce an sallama, dillali yakan kama hannun mai saye da na mai sayarwa ya haɗa, tafi cikin tafi, ya yi addu'a. Sannan mai sayarwa ya kwance ragama daga turke ya damƙa ta a hannun mai saye, shi kuma ya ja dokin ko da taku uku ne. Sai an yi haka doki ke barin gida ɗaya ya koma wani. A ranar ba a yi ko ɗaya ba. Likita yana tsaye can jikin motarsa da takunkumi a fuska, ya ce shi daga ɗakin marasa lafiya yake, ba zai ba kowa hannu ba, kuma ba zai taɓa igiyar da wani zai taɓa bayansa ba. Sai ya lanƙwasa hannu ya miƙo mini gwiwar hannunsa. Na tsaya ina kallonsa. Don kada in kunyata baƙo a ƙofar gidana, na ɗan goga tawa a tasa. Ina jaddada kalmar, gogawa ce kawai.

Kuɗi ma bai shiga tsakaninmu ba. Ya ce zai turo mini ta waya nan take, na ce a'a, ya zo da su a hannu ranar da zai kawo motar ɗaukar doki, tunda a lokacin ba a barin irinta ta wuce. Na ce masa ban yarda da kuɗin waya ba ne. Gaskiyar ita ce ba na iya karanta saƙon da banki ke turowa, kuma ban so a san haka. Wannan kunyar ce ta kai ni aji. A makon sai tunkiyar matata Mas'uda muka sayar muka sayi dawa.

Aka buɗe hanyoyi, Likita bai zo ba. Wata ya bi wata. Ni ne wanka, ni ne goge kofato, ni ne fita da shi kilisa kowace safiya don kada juyinsa ya mutu. Don ki san irin kulawar da na yi, da damina wata rana da hantsi cikinsa ya ɗaure, ya kwanta yana birgima, har na fid da rai. Nan take na sa aka kira mini Likita a waya na ce masa dokinsa ya kwanta, idan ya mutu kada ya ce ban sanar da shi ba. Ya turo wani likitan dabbobi, ba na ɓoye wannan, amma ni na tsaya a kan dokin har ya miƙe, ni na yi ta zagayawa da shi cikin rana.

Yanzu abubuwa sun juya. Iyakoki sun daɗe a rufe, sababbin dawaki ba su shigo daga gabas ba, waɗanda aka sayar da arha da yawansu sun lalace a hannun da bai san su ba. Da aka dawo wasa sai aka nemi horarren doki aka rasa. Mutum biyu sun taya Majaujawa miliyan biyu da rabi. Sai ga Likita makon jiya, bayan wata takwas, da mota da dubu ɗari bakwai a jaka, wai ya zo ɗaukar dokinsa. Ya ce aiki ne ya riƙe shi, daga baya shi ma cutar ta kwantar da shi. Na yi masa barka da samun lafiya, na ba shi ruwa, na ce masa ni ban san da wani doki nasa a gidana ba.

Alhaji Babayo ya tara dillalai. Na tashi na yi bayani dalla-dalla, na tambaye su wanda ya taɓa ganin an sayar da doki da gwiwar hannu tun zamanin iyayenmu. Alhaji ya ce a shekarar da aka hana musafaha har a masallaci, gwiwar ita ce hannu. Bubayero, mutumin da nake ci da shi a kwano ɗaya, ya ce shi dai bai taɓa ganin gwiwar hannu a jikin ƙafa ba. Aka yi dariya. Wani ya ƙara da cewa tun da na fara zuwa makaranta na zama lauya, saura in sayi baƙar riga. A gida ma Mas'uda ta ce ita wata takwas tana jin ina cewa a ba dokin Likita ruwa. Na ce mata wannan lafazi ne kawai na sauƙaƙa magana.

Hukuncin da suka yanke shi ne, nan da ranar kasuwa ta biyu ko in miƙa dokin, ko kuma kada wani dillali daga Azare zuwa Katagum ya sake kama hannuna a ciniki. Kin san abin da wannan ke nufi ga mai sana'a irina. Duk da haka ba zan sauko ba. Su ne suka koya mini ƙa'idar, yau kuma don ta goyi bayana suke so a ajiye ta. Ki faɗa musu, Hajiya.

Naki,
Mai Turke Ɗaya, Azare.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam Mai Turke.

Barka da ƙoƙari. Na karanta wasiƙarka ba tare da na tsaya neman ma'ana ko sau ɗaya ba, abin da ba kowace wasiƙa nake iya faɗa mata haka ba. Wanda ya yi maka ba'ar baƙar riga ka ƙyale shi, gobe wurinka zai kawo saƙon bankinsa.

Zan fara da inda kake da gaskiya, domin kana da ita. Likita ya sayi dokinka a ranar da rumbunka ya kusa ƙarewa, ya tafi ya bar maka bakin da za ka ciyar. Uzurinsa na aiki da jinya karɓaɓɓe ne, amma bai hana shi aiko mota ko kiran Alhaji Babayo ba. Wata takwas na dawa da harawa da horo ba kyauta ba ne, kuma tunkiyar Mas'uda tana ciki. Dillalan da suka yanke maka wa'adi ba su ce uffan a kan wannan ba, sun yi rabin adalci ne. A nan ka tsaya, kada ka sauko ko taku ɗaya.

Sai dai takardar da kake so ka kai gaban jama'a ba zan iya rubuta maka ita ba, kuma ba Alhaji Babayo ne ya hana ni ba, kai ne. Koma ka karanta abin da ka rubuta da hannunka game da ranar da cikin dokin ya ɗaure. Da ka ga mutuwa ta matso, wa ka kira, kuma dokin wa ka ce ya kwanta? Da Majaujawa ya mutu a ranar, ashe da ka ce wa Likita babu komai, ai ba mu haɗa tafi ba, asarar tawa ce? Kai ka san amsar. Ba zai yiwu doki ya zama na Likita ranar da yake birgima a ƙasa, ya dawo naka ranar da aka taya shi miliyan biyu da rabi ba. Mas'uda ma ba ƙarya take yi maka ba.

Ƙa'idar haɗa hannu da miƙa ragama abu ne mai kyau, an kafa ta ne don ta tsare maganar da aka riga aka faɗa, kada wani ya janye. Maganar kuwa ka faɗe ta gaban shaidu biyu, ka kuma maimaita mini ita ba tare da na tambaye ka ba. Likita ya ƙi ba ka hannu ne don ya kare ka da iyalinka daga abin da daga baya ya kwantar da shi. Ba kyau wannan ya zama ƙofar da za ka fita ta cikinta. Ni ba malama ba ce, kana iya tambayar wanda ka yarda da iliminsa, amma ba na zaton zai gaya maka wani abu daban.

Ga abin da nake ba ka shawara. Kada ka jira wa'adinsu ya cika, ka je wurin Alhaji Babayo da ƙafarka. Ka ce masa cinikin yana nan, amma dokin ba zai bar turke ba sai dillalai sun ƙiyasta haƙƙin kiwo da horo na wata takwas bisa farashin yau, Likita ya biya a kan kuɗin doki. Mutumin da ya turo likitan dabbobi daga nesa ba na jin zai yi gardama. Ba zai kai abin da aka taya maka ba, kuma ba zan yaudare ka ba, gibin zai yi maka zafi. Amma riba ce ta doki ɗaya. Shekara talatin da ɗaya mutane suna jin ka ce ka sallama su tafi su yi barci, wannan ne jarin da za ka sayi doki na gaba da shi. Daga yau kuma kowane ciniki ka rubuta shi, har da ranar ɗauka da wanda zai ciyar idan an yi jinkiri. Kai ne yanzu mai alƙalami a cikinsu.

Tunda kuma kai ne mai kishin ƙa'ida, ka nemi a cika ta gaban kowa. Alhaji ya haɗa hannuwanku tafi cikin tafi, ka kwance ragamar da kanka, Likita ya ja dokinsa taku uku, kana tsaye kanka a ɗage.

Allah ya mayar maka da wanda ya fi Majaujawa juyi. A gai da Mas'uda, kuma cikin haƙƙin kiwon nan a fara mayar mata da tunkiyarta.

Hajiya Zuliha.