Fa Ɗin Kawu Shiu

Litinin, 5 ga Agusta
Ogan ɗin marigayi Babana, akwatin kiɗan nan na coci, ya mutu a murya guda. In na danna fa, ta huɗu a do re mi fa, iska ce kawai. Gasar mawaƙan coci a garin Labasa ranar Asabar, matan ƙungiyata kuwa in ba ogan a gwaji, kowace ta kama gabanta.

Talata, 6 ga Agusta
Na ajiye girman kai na leƙa gidan Kawu Shiu, Ba'indiyen maƙwabcinmu mai kaɗa harmoniyam, ƙaramin akwatin kiɗa mai zuga iska, a bautarsu ta Talata. Shekara ashirin ina rufe taga saboda kiɗan nan. Ya cire takalmi kafin ya taɓa ogan ɗina. Ya buɗe bayansa ya yi dariya: "'Yata, ai ƙanin nawa ne. Duba harsunan tagullar da ke fitar da sautin." Iri ɗaya sak da na harmoniyam ɗinsa. Wai Turawan mishan ne suka kai irinsa Indiya. To na wa ne ke nan?

Alhamis, 8
Na rera do re mi fa, ya rera irin nasu, sa re ga ma, muka tsaya a mataki guda. Bakwai nawa, bakwai nasa. Na tambaye shi wa ya kwaikwayi wani. "Kakana ya ce ku ne, naki zai ce mu ne. Miƙo min abin kwance ƙusa."
Kaina ya ɗaure. Ban faɗa wa fastonmu ba.

Juma'a, 9
Fa ta dawo. Ya ƙi faɗin inda ya samo harshen tagullar da ya sa mata, rogon da na kai masa kawai ya karɓa.

Asabar, 10
Na biyu muka zo. Sai murna ake, ni kuwa ina ta tunanin tagullar nan, ko ta halatta a coci.

Talata, 13 ga Agusta
Da la'asar suka fara waƙarsu, ina shanya a bayan gida. Duk inda waƙar ta hau mataki na huɗu, harmoniyam sai ya yi shiru, iska kawai. Nan na gane inda harshen ya fito. Kunya ta kama ni har wuya.
Da suka sake zagayowa, wata murya ta cike gurbin daga gefen shingenmu. Tawa ce: fa na rera, shi zai kira ta ma.
Taga kuma zafi ake yi, shi ya sa na bar ta a buɗe.