Ruwan Salansar Jirgin Bashir

Yaya Halima,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Malam da yara duka. Yaya ƙafar taki, ta daina kumburi? Mu nan unguwar Mansur lafiya lau, alhamdulillahi.

Labarin ɗanki Bashir zan ba ki. Tunda tuƙin bas ɗinsa a unguwar Aziziyya sai lokacin Hajji, shi da abokinsa sun sayi wani tsohon jirgin ruwa a Jidda, mai tafiya da iska amma da ɗan injin dizal, don su riƙa fita da masu shan iska.

Ranar gwaji na bi su. Bashir na tada inji ya ga ruwa na tsartowa daga salansa. A wurin direban mota wannan ciwo ne, sai ya rufe famfon da ke jawo ruwan. Ba mu yi nisa ba ƙauri ya tashi. Ya kashe injin, ya ce, "Khalas, shi ke nan, Kawu, na koma jiran Hajji."

Na ce kafin ya yanke ƙauna ya kira mai jirgin na da. Ashe ruwan teku ne ke sanyaya injin, rashin fitarsa ake tsoro. Wata 'yar roba ce kawai ta ƙone, an canja ta.

Yanzu ba ya kwance igiya sai ya duba baƙin mai, ya wanke matatar ruwa, ya leƙa salansa. Jiya ya fita da fasinjojinsa na farko. Hoton da ya turo mini ba na teku ba ne, na salansa ne tana zubar da ruwa.

Ki sa shi a addu'a, Allah Ya sa ruwan nan ya ɗore. A gaida Inna da su Hajara.

Ƙaninki,
Sani