Kiran Ƙarfe Bakwai

Sansanin bakin kogi, 3 ga Mayu

Yaya Nubia,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Mama, ƙafar ta yi sauƙi? Ki shafa min kan yara.

An kawo mana sabuwar rediyon soja, an tattara tsohuwar tawa an aika hedikwata a Bogota. Wai wannan mai hankali ce. Ita ke zaɓar zangon da za mu yi magana, da ta ji motsin wani a kai sai ta kauce, don kada a saurare mu. Kyaftin sai washe baki yake kamar shi ya ƙera ta.

Ni kam hankalina a tashe yake. Akwai wani dattijo, Don Anselmo, mai riƙe da rediyon ƙauyensu, tafiyar kwana biyu a kwalekwale. Shekara uku ke nan yana kirana ƙarfe bakwai na safe, mu yi ta tsiya, ya ce muryata ta kwaɗo ce. 'Yarsa Yaneth na da tsohon ciki, ungozoma ta ce ɗan a gicciye yake. Da bakina na yi masa alkawari, in naƙuda ta tashi ya kira, jirgin ruwanmu zai je. Ban samu na gaya masa an canza rediyo ba.

Ƙaninki,
Efraín

11 ga Mayu

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ni dai ga ni nan.

Don Anselmo yana kira, Yaya. Ina ganinsa a allon na'urar, ɗan koren layi daidai zangonsa, amma ba na jin komai. Ita rediyon a wurinta kiransa hayaniya ce, guje masa take. Babu abin da ban taɓa ba, a kulle take, injiniyoyin Bogota kaɗai ke iya buɗe ta. Da can minti biyar yake yi. Shekaranjiya ya yi awa uku. Jiya tun safe har yamma.

Wallahi har kuka na yi wa Kyaftin. Ya ce ba zai tura soja goma sha biyu kogin da 'yan bindiga ke tarewa ba saboda zane a allo, wa ya sani ko tarko ne? Ya rubuta wa na sama, ana jiran amsa. Abin takaicin, na kasa cewa ƙarya yake.

Yau bakwai ta yi, takwas ta yi, shiru. Tara da kwata sai ga layin, ko minti ɗaya bai cika ba ya ɗauke. Mai neman jirgi ba ya ajiyewa da wuri haka. Wani labari ya faɗa mini, ya gama, ni kuwa ban ji ba.

Ki sa Mama ta kunna wa Yaneth kyandir a coci. In Fada ya tambaya na mai rai ne ko na mamaciya, ku ce ban sani ba.

Ƙaninki,
Efraín