Hannu Tara a Ƙofar Masallaci

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda Ya san adadin bayinSa, bai mance da ko ɗaya ba.

Zuwa ga jikata, amaryata ta jami'a,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da malamanki. Mu nan sai godiya. Idona yana nan yadda kika bar shi: rubutu ina ganinsa in na kai hancina kan takarda, amma mutum daga taku uku inuwa ne a gare ni.

Takardarki ta iso. Na fahimci malaminki ya yi mamakin ƙidayar da kika yi mana gida-gida lokacin hutu. Kin ce a garuruwa irin namu, idan masaƙa ta rufe, matasa kan bi aiki su tafi, haihuwa ta ragu, shaguna su mutu. Amma mu shekara goma sha biyu bayan rufe tamu, kin same mu ɗari huɗu da sha biyu. A kan wannan za ki gina kundinki na ƙarshe. Na yi farin ciki, kuma ni shaida ne. Ranar Juma'a idan na kai ƙarshen Fatiha, amin ɗin da ke tasowa a bayana har a ƙashin bayana nake jin ta.

Sai dai kin tambaye ni abin da ya sa mai burodi yake gasa talatin kacal a rana. Ban sani ba. Zan bincika miki, ko da yake ba ki taɓa dafa wa angon naki ko ruwan shayi ba.

Wassalam,
Kakanki.

Zuwa ga jikata,

Bayan sallama da tambayar lafiyarki, ina roƙon ki karanta wannan a zaune.

Da na tambayi mai burodi, sai ya shiga goge tebur. Daga nan na wuce gidan tela, wadda ta ce miki su takwas ne. Na zauna a falonta tun hantsi har azahar. Ban ji takun kowa ba sai agogon bango. Ta zaga da ni ɗakuna, kowanne a share, gado a gyare, takalma a jere a bakin ƙofa kamar masu su sun shiga yanzu. Na shafa ɗaya, na ji fatarsa ta bushe ta tsage. 'Ya'yanta bakwai duk suna wasu birane, wani shekara tara bai zo ba. Da na tambaye ta dalilin da ta ƙirga su, sai ta ce wace uwa ce za ta buɗe baki ta ce ɗanta ba ɗan gidan nan ba ne.

Na bi gida goma sha ɗaya, duk haka. Ba su nufi ƙarya ba. Kin tambaye su mutanen gida, suka ba ki mutanen zuciya.

Ni ma na ce miki mu shida ne. Kin san babanki da baffanninki ba su kwana a nan, kin san ɗakinki a rufe yake, amma kika rubuta shida ba ki ɗaga kai ba. Na nemi gafarar Allah, ke ma ki nema.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne wannan. A mazhabarmu Juma'a ba ta inganta sai da maza goma sha biyu mazauna gari, ban da liman. Ladan kullum yana ce mini mun haura. To shi ma da wane ƙirge yake ƙirgawa? Idan kuwa ba mu kai ba, muryoyin su wa nake ji a bayana?

Kakanki.

Zuwa ga jikata abar ƙaunata,

Aminci ya tabbata a gare ki. Ina lafiya.

Juma'ar makon da ya gabata na yi huɗuba, na ta da salla. Amin ta zo kamar kullum, cike da masallaci, har na rarrabe muryar babanki a sahun farko, wajen taga. Da na sallame, na je na tsaya a ƙofa, wadda ita kaɗai ce mafita, na ce kowa ya ba ni hannu kafin ya wuce. Na riƙe hannu tara, duk masu sanyi da jijiya irin nawa. Na ci gaba da miƙa hannuna ga iska, domin ina jin ɗumin jama'a a ciki, har ladan ya kama kafaɗata yana kuka, ya ce babu saura.

Ba zan ce miki na san abin da nake ji ba. Ko kewa ce ta shiga kunnena, ko wani abu ne daga halittun Allah, Shi ne Masani. Abin da na sani, hukunci yana bin zahiri. Na sa aka koma sahu muka rama azahar.

Jiya Juma'a ta sake zagayowa. Ban hau mumbari ba, karo na farko cikin shekara arba'in da ɗaya. Muka yi azahar raka'a huɗu a asirce. Masallacin ya yi tsit, irin tsit ɗin da ban taɓa ji ba, kuma ba zan ɓoye miki ba, na fi jin tsoron wannan shirun da waccan amin.

Na zaga garin da kaina, ban ƙirga kowa ba sai wanda na ji numfashinsa. Mu hamsin da takwas ne. Mafi ƙuruciyarmu mai burodi ne, yana da shekara sittin da biyu. Ki kai wa malaminki wannan adadi ko da kundinki zai rushe, domin ilimin da aka ɗora kan son zuciya ba ya amfanar mai shi. Ki rubuta yadda muka tafi da dalilin tafiyarmu, wataƙila wani gari ya farga da wuri.

A layin gidanmu, ki soke shida ki rubuta ɗaya.

Allah Ya yi miki albarka, Ya sa iliminki ya zama haske gare ki da duk wanda ya karanta shi, Ya tara mu a inda ba a rasa kowa a sahu.

Kakanki, mai jiran amin ɗinki.